Gonar Madam Afiniki Ba Wurin Horo Ba Ce

Duk wanda ya yi makarantarmu, wadda ke kan hanyar Kagoma in ka baro Kafanchan, ko ya manta sunan firinsifal ba zai manta da Madam Afiniki Dogara ba. Ita ce malamar aikin gona, Agirik a bakin yara. Gajera ce kakkaura, tana tafiya kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Ni sunana Azariya, lissafi nake koyarwa, teburina kuma yana manne da nata a ofishin malamai, don haka na shaƙi warin taki fiye da yadda na roƙa. A ƙarƙashin teburin nata akwai takalman roba na shiga gona, kullum da laka a jikinsu. Wanda ya ce a fitar da su waje, ranar ya ja wa kansa.

A wani ƙauye bayan Kagoma aka haife ta, gidan manoman citta da acca. Takan ce kafin ta iya Hausa ta iya rufe citta da ganye. Babanta ya sa ta makaranta ne da niyya ɗaya, ta rabu da fartanya har abada, ta zauna a inuwa tana rubutu. Ta yi ƙoƙari kuwa, har ta samu shiga kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya. Sai da ta zo hutun farko ta faɗa masa cewa aikin gona take karantawa. Tsohon ya ɗauke mata wuta har bayan Kirsimeti. Da ya sauko, abin da ya ce shi ne ya tura ta ta koyo abin da bai sani ba, ta je ta ɗauko masa abin da ya fi malaman nata sani. Ita kuma ta tambaye shi, in haka ne me ya sa rabin gyaɗarsa ke ruɓewa a rumbu duk shekara. Tun daga nan dangi suka gane ba a gama magana da Afiniki, sai dai a gaji a tashi.

Ta auri Francis, ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, mutum mai sanyin hali wanda ya bar mata faɗan gidan duka. Bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da 'ya'ya uku, ta riƙe su da aikin malanta da lambun bayan gida. Babban ya shiga soja, ta tsakiya nas ce, autar tana ɗinki a Kujama. Ba ko ɗaya da ya bi ta gona. Abin yana cin ta, amma sai ka daɗe da ita kafin ka gane.

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne lokacin da ya rage mata shekara uku ta yi ritaya. 'Yan aji uku na ƙaramar sakandare da za su haye babba a shekarar, su ne na ƙarshe da za ta ɗauka tun daga tushe ta kai su har jarrabawar fita. Ta ɗora rai a kansu, har takan ce da su za ta rufe aiki. Sai aka kawo mana sabon firinsifal daga Kaduna, Mista Wilfred, mutumin kirki ne amma yana son doka fiye da abinci. Ya zo da sababbin dokoki biyu. Ta farko, a babbar sakandare Agirik da Kwamfuta lokaci ɗaya za a riƙa yin su, yaro ya zaɓi ɗaya, kuma darasin da bai samu mutum goma ba za a ajiye shi ga wannan ajin gaba ɗaya. A gaban taron iyaye ya faɗi wannan, suka tafa masa. Kwamfutocin namu kuwa huɗu ne, biyu ke tashi in an kawo wuta.

Afiniki ko a jikinta, domin ajinta bai taɓa rasa mutane ba. An saba tun da can, in sakamakon ƙarshen shekara ya fito, waɗanda suka zo ƙasa a kwashe su a zuba mata, wai noma ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa. Ita kuma ta karɓe su ta yi ta fama da su, da yawansu ma suna cin jarrabawar.

Gonar makarantar tana bayan azuzuwa, ta gangara har bakin rafi, an kewaye ta da shingen gora. Masara a sama, gyaɗa a tsakiya, gwaza da rogo a ƙasa inda damshi yake. Ba gonar makarantar da ta kai ta tsabta a yankin, in baƙi sun zo nan ake fara kai su kafin idonsu ya kai ga rufin azuzuwanmu. Dalilin tsabtar kuwa kowa ya sani. A makarantarmu, tun kafin a ɗauke ni aiki, laifi kowane iri ne hukuncinsa ɗaya. Ka makara, gona. Ka yi surutu a sujadar safe, gona. Ba ka sa safa ba, ko an ji ka kana yarenku a aji, gona. Mista Gregory, malamin da ke kula da horo, yana tsayawa a bakin ƙofa da safe, duk wanda ya zo bayan ƙararrawa ya miƙa masa fartanya ya nuna masa layin da zai nome. Ba ya ma ɓata bakinsa, da haɓa yake nunawa. Mu malamai muna ganin dabara ce mai kyau, ga horo ga amfani. Ita ma Afiniki haka ta tarar, haka ta ci gaba, in an yaba gonar ta yi murmushi.

Doka ta biyu ce ta tayar da ƙura. Mista Wilfred ya ce a ƙarshen kowane zango, bayan an gama jarrabawa, za a tara kowane aji a ɗakin taro yara su faɗi ra'ayinsu a kan kowane darasi, mu kuma malamai mu zauna a baya mu kama bakinmu. Mun yi gunaguni har muka gaji. Mu da muka tashi in babba na magana ko tari ba ka yi, yau ga mu jere a kan benci kamar masu jiran shari'a. Aka yi na farko gab da hutun Ista. Yawancin yaran wayo suka yi, kowa ya tashi sai ya ce malam yana ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara masa ƙarfi. Ni dai wani marar kunya ya ce da allo nake hira ba da su ba, ƙeyata suka fi sani a kan fuskata. Na haɗiye, amma na riƙe fuskar yaron.

Da aka zo kan Agirik a aji uku, sai Jacinta ta ɗaga hannu. Yarinya ce doguwa marar yawan magana, ita ke zuwa ta ɗaya a ajin, ita ce kuma sarauniyar makara. Daga wani ƙauye a hayin rafi take takowa da ƙafa, ba ta kuma fitowa sai ta cika randunan gida ta shirya ƙannenta. Fartanyar Mista Gregory har ta san hannunta. Ta miƙe ta fuskanci firinsifal ta ce:

"Sa, Madam yana koyarwa da kyau, ba ƙarya. Amma ni in na ji an ce Agirik, bayana ne yake fara ciwo. A gida in na yi laifi ba a tura ni gona. Gona abinci ne, babana yana addu'a kafin ya shiga. Sai a makaranta ne na koya wai gona ponishmen ne. Kuma Sa, yaran da ake kawowa da mashin ba su leti, ba su taɓa riƙe fartanya a nan ba. Mu na ƙauye ne kullum. To ni ba zan zaɓa shi ba."

Sai gunji ya taso daga yaran, domin an faɗi abin da ya daɗe a ransu. Na saci kallon Afiniki ina jiran tsawa ta faɗo. Matar da ta taɓa korar baƙo mai ɗaure da taye daga gona don ya taka mata iri, yau ga 'yar yarinya ta kwance mata zane a gaban aji. Ta zauna hannu a cinya har aka tashi. A ofis ta tambayi Gregory su wa suka fi zuwa gona, ya lissafa mata yana dariya, duk 'ya'yan ƙauyukan kewaye. Ta ce to. Ni da na san ta, wannan to ɗin ta fi tayar mini da hankali a kan zagi.

Ranar da aka dawo zango na uku, Gregory ya kora masu makararsa zuwa gona kamar kullum, ya tarar an kulle ƙofar shingen da ƙaton kwaɗo. Ya dawo yana huci. Aka kira taron malamai, Afiniki ta miƙe tun ba a ba ta izini ba.

"Gonar nan aji ne, kamar yadda ɗakin kwamfuta yake aji," in ji ta. "Ban taɓa ganin wanda ya makara an ce ya je ya danna kwamfuta ba. Daga yau ba na karɓar mai laifi. Ku nemi wani wurin."

Gregory ya ce tun kafin ta zo ake yin haka, ta ce shi ya sa ya kamata a daina. Mista Wilfred ya ce shi ra'ayin yara ya nema, ba tawaye ba, kuma gonar ta makaranta ce ba ta gidan Dogara ba. Ta ce gaskiya ne, amma kwaɗon nata ne, in yana so ya fasa ga guduma a sito, sai dai ya fasa a gaban yaran da ya tara ya ce su faɗi gaskiya. Shi ya kawo tsarin, shi ya yi ta alfahari da shi a wurin sauran firinsifaloli, yanzu ga wadda ta ji maganar yaran fiye da yadda ya so. Ya gyara tayensa ya ce za a duba. Ba a duba ba har yau.

Gregory ne ya fara shan wahala. Ya rasa inda zai kai masu laifinsa. Ya sa su durƙusa, suka mayar da wurin dandalin hira. Ya sa su tsintar leda, ledar makarantar ta ƙare tun mako bai zagayo ba. Ya sa su wanke bayan gida, iyaye suka zo da ƙara. Kullum ya shigo ofis yana cewa tarbiyya ta lalace saboda taurin kan mace ɗaya, ita kuma tana maki a takardunta kamar da bango yake.

Amma damina ba ruwanta da wanda ke da gaskiya. Ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi, sai a lokacin muka gane yawan aikin da masu makara ke yi mana. Aikin gona na darasi sau ɗaya ne a mako ga kowane aji, rabinsa kuma bayani ne, Afiniki ta ƙi ƙara wa kowa ko kaɗan. Ciyawar tofa ta faro daga bakin rafi ta cinye gwaza, ta shiga rogo, ta hauro. Masara ta yi ɗorawa ta tsaya iya gwiwa. In an tashi makaranta sai ta canza zane, ta zura takalman robarta, ta shiga ita kaɗai har la'asar, mace mai shekara hamsin da ɗoriya ga ciwon gwiwa. 'Yan acaba masu wucewa, da yawansu tsofaffin ɗalibanta ne da suka sha noman wurin, sukan rage gudu su tambaya wane laifi Madam ta yi. Takan ɗago ta ce musu ta makara ne wajen yin hankali. Na shiga na taya ta sau biyu, a na uku bayana ya ba ni shawarar in tsaya a lissafina.

Da ta ga ba za ta iya duka ba, ta bar wa ciyawa rabin ƙasa. Rabin saman ta yanka ƙananan filaye ta ce duk yaron da ke so ya ɗauka ya shuka abin da ya ga dama, wanda ba ya so kuma ba maki ko ɗaya da zai rasa. Kaɗan suka ɗauka. Wani ya shuka kuɓewa, wata ta kawo irin waken kakarta, wani shashasha ya shuka rake a tudu ta bar shi ya gani da idonsa. Jarrabawar aiki ta ƙarshen zango ma ta sauya mata fasali. Da can layi mai tsabta ake dubawa a ba da maki, ko da wani mai makara ne ya nome maka. A wannan karon cikin dajin ta tura su, kowa ya tsigo ciyawa ya faɗi sunanta da Turanci da kuma yarensu, ya faɗi me take yi wa shuka, ya kuma bayyana dalilin da ya sa masarar ta yi ɗorawa. Ban taɓa jin yara suna dariya a jarrabawa ba sai ranar. Mista Wilfred ya zo dubawa da wandonsa mai kari, ya koma da 'ya'yan ciyawa manne har gwiwa.

Sai ranar zaɓen darasi ta zo, a makon ƙarshe na zangon, iyaye suka zo da 'ya'yansu. Shekarar kuwa ta biyo bayan wadda cuta ta shiga citta ta ruɓar da ita a ƙasa, gidaje da yawa ba su farfaɗo ba. Manoman da suka ga wahalar shekara guda ta zama ruwa a hannunsu ba su zo jin daɗin baki a kan noma ba. Ga kuma gonar makarantar a gabansu, rabi daji. Wata mata da suke zumuntar matan coci tare ta faɗa wa Afiniki ido da ido cewa in malamar noma ta kasa da gonarta, me za ta koya wa ɗanta da ba a koya masa a gida ba. Na so in sa baki, amma ni ma da ɗana ne a layin ban san abin da zan ce ba. Da aka gama, Kwamfuta ta cika har ta batse. Agirik mutum tara.

Mista Wilfred ya kira ta ofis, ni ma ina ciki domin ni nake haɗa sakamako. Ya ce kada ta damu, tara ba matsala ba ce, za a yi yadda aka saba. Ga waɗanda suka zo ƙasa a jarrabawa, a cire su daga Kwamfuta a zuba mata, ajinta ya cika, ɗakin kwamfuta ma ya samu sarari. Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin alheri yake yi mata. Ta tambaye shi ko yaran sun zaɓi Agirik. Ya ce ba su zaɓa ba, amma su ma sun san ba su yi ƙoƙari ba, ba su da bakin magana.

"Wato wanda ya makara gona, wanda ya faɗi jarrabawa ma gona," in ji ta. "Oga, na rufe ƙofa kana so ka shigo mini da su ta taga. Ba na so. Ka bar mini tara ɗina, sun ishe ni."

Ya ce ba zai iya ba, a gaban iyaye ya faɗi goma, in ya lanƙwasa mata gobe kowa zai zo da tasa. Ta ce tara masu so sun fi ashirin da aka koro. Ya ce doka ba ta san wannan ba. Afiniki ba ta iya roƙo ba, shi kuma bai iya janye magana ba, na zauna tsakaninsu ina jin kamar in haɗa kawunansu in gwara. Ya ba ta zuwa ranar rufe makaranta, kafin taron sallama. In ba a samu na goma ba, an ajiye Agirik ga ajin.

Na yi mata magana har na gaji. Na ce mata yaran da za a zuba mata ba cutar su za a yi ba, kwamfuta biyu ba za ta koya wa mutum sittin komai ba, a wurinta kuwa za su ci jarrabawa. Na tuna mata tara ɗin, na tuna mata ritayarta. Ta ce duk ta sani. Ta ce shekara da shekaru tana tsaye a gaban yaran da aka ce musu su ne daƙiƙan makaranta, tana mamakin me ya sa suke kallon ta kamar mai gadin kurkuku, sai da 'yar mutane ta tashi ta faɗa mata. Raina ya ɓaci, na ce mata taurin kai ba ibada ba ne. Ta ce in je in faɗa wa allona.

Ranar rufe makaranta da safe na same ta a gona tana cirar ciyawa a cikin gyaɗa, na je ne in sake gwadawa. Ban kai ga buɗe baki ba sai ga Jacinta a bakin shinge, ta tsaya tana murza gefen siket. Afiniki ta ce ta shigo. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce ta zo ne a sa sunanta a Agirik, ita ce ta goma. Wallahi sai da na ji sanyi har cikin raina. Na ce to Ubangiji ya yi abinsa, ga ta ɗaya a aji da kanta, ba wanda zai ce koro ta aka yi.

Afiniki ta miƙe ta kakkaɓe hannu, ta tambaye ta wa ya aiko ta. Yarinyar ta ce ba kowa. Da aka matsa, ta ce yara suna cewa ita ta kashe wa Madam darasi, maganar ta kai har coci, mamarta ta ce ta kunyata su, ta zo ta ba da haƙuri ta gyara abin da ta ɓata.

"Kina son Agirik?" in ji Afiniki.

Jacinta ta sunkuyar da kai. Na yi gyaran murya, ina yi wa yarinyar alama da ido ta ce e kawai a wuce wurin. Ba ta kalle ni ba.

"Ma, ban so shi," ta ce a hankali. "Kwamfuta nake so. Amma zan iya yi, zan ci ma."

"Na san za ki ci. Tashi, 'yata. Gaskiya kika faɗa ranar nan, ba a ba da haƙuri a kanta. Mamarki kuma ki bar ni da ita, za mu haɗu a zumunta."

Ta kama hannun yarinyar, da lakar takalmanta da komai, ta ja ta har ofishin firinsifal. Ina biye da su ina cewa Madam ki tsaya ki yi tunani, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce wa Mista Wilfred in yarinyar nan ta dawo a bayan idonta ta ce a canza mata darasi, kada ya kuskura ya yarda, sunanta ya zauna inda ta sa shi da farko. Ya tambaye ta ko ta san abin da hakan ke nufi. Ta ce ta iya ƙirga zuwa goma, ko ba ta zauna kusa da malamin lissafi ba.

A taron sallama aka sanar cewa sababbin 'yan babbar sakandare ba su da Agirik, tara ɗin su koma Kwamfuta. Da aka watse, suka biyo ta ƙarƙashin mangwaron da ke gaban ofis. Wannan ne wurin da na fi jin tsoro, domin su ba su yi wa kowa komai ba. A cikinsu akwai mai kuɓewa, da yarinyar nan mai waken kakarta wadda ta yi rigima da babanta a gaban jama'a kafin ya bar ta ta zaɓi Agirik. Ita ce ta ce, "Ma, mu fa?"

Afiniki ba ta ɓoye musu ba. Ta ce an ba ta hanya har biyu ta cika ajin ta ƙi, ba firinsifal ba ne, ba Jacinta ba ce, ita ce, wanda zai yi fushi ya yi da ita. Ta ce filayensu na gona suna nan, duk wanda ya zo da tambaya za ta amsa, amma ba za ta yi musu ƙarya ta ce daidai yake da aji ba. Ba wanda ya gode mata. Mai waken ta juya ta tafi tana share ido da hannun riga, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Na shiga ofis na tarar da ita a teburinta, malamai duk sun tafi, ga takardun 'yan ƙananan aji a gabanta ba ta taɓa su ba. Kuka take yi sosai, kafaɗunta na rawa, abin da ban gani ba ko a jana'izar Francis. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma bai sake ni ba. Na ce mata har yanzu Oga bai kulle ofis ba, Jacinta ma ba ta yi nisa ba, in ta yarda in hau mashin in dawo da ita, ba wanda zai ji.

Ta ja bakin zanenta ta share fuska, ta ɗago jajayen idanunta ta kalle ni.

"Azariya," ta ce, "ka taɓa yarinyar nan, ni da kai ne."

Ta jawo takardun gabanta ta fara maki.